Ludayina Daban

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Ku yi haƙuri da ni, muryata ba ta da ƙarhi yau.

Ni ne Dauda, mai noman albasa can wajen Azarori. Shekara takwas ina fama da ciwon da ke ɗaga mutum sama, ya kuma kada shi ƙasa. In ya ɗaga ni, sai in yi kwana biyar ban runtsa ba, ina ta surutu, ina jin ni kaɗai zan ciyar da ƙasar Adar duka. In ya sake ni, sai in kwanta wata guda, ko wanka sai matata Saratu ta yi da gaske.

Lokotoro, wato likita, ya ɗora ni kan ƙwaya, ɗaya da hantsi, ɗaya da marece. Yac ce, "Dauda, ka san jerin duwatsun da kuke yi cikin gona? Ba su hana ruwa zuba, suna dai hana shi kwashe ƙasa. Haka maganin ga yake yi a ƙwaƙwalwa. Sai ya ɗauki makonni kahin ya kama. Kuma ran da kake jin garau, ran nan ma sha za ka yi."

Ya kuwa kama. Shekara biyu na zauna kamar kowa.

To, mu a garka, in rana ta take, ƙwaryar hura ɗaya muke kewayewa, ludayi ɗaya na zagayawa. Ni kaɗai ne Kirista cikinsu, amma ba wanda ya taɓa ƙyamata. Rannan kwalin magani ya faɗo daga aljihuna. Illa, maƙwabcin garkata, ya ɗauka yac ce, "A'a! Wanga ai shi ƙanena mai farfaɗiya yake sha."

Gaskiya ya faɗi, magani ɗaya ne ake ba masu ciwon biyu. Amma kun san mutanenmu, sun ɗauka farfaɗiya a miyau ake kwasarta. Washegari sai ga ludayina daban, 'yar ƙwaryata daban.

Kai, abin ya ci mini rai! Na jefa ƙwayoyin cikin wuta a gabansu, nic ce lahiyata lau. Sunka maida ni cikin da'ira.

Bayan wata biyu ciwon ya kuma ɗaga ni, na tuge albasata kaf tun ba ta ƙosa ba, ina waƙa, wai inabi zan dasa. Da na sauko, Saratu ko faɗa ba ta yi ba. Tac ce, "Baban Hannatu, na gaji. In ludayi ya hi mu, faɗa mini in san inda na nufa."

Na durƙusa cikin garkar da na ɓata, nic ce, "Ya Yesu, na kasa. In ba ka ɗauke ciwon ga, to ba ni zuciyar shan hura ni kaɗai." Ban ji wata murya ba. Na dai samu ƙarhin tashi na koma wajen lokotoro.

Yau wata goma ina shan maganina, Saratu tana ɗakinta. Jikina nauyi, rana ma barci nake ji, ludayina kuma har yanzu daban. Amma makon jiya Baba Nomau, dattijon garka, ya matso ya karɓe shi daga hannuna ya sha. Sauran ba su bi shi ba tukuna.

Na gode wa Ubangiji! Bai ɗauke ciwona ba, ya dai riƙe mini gidana. Wanda ke da magani cikinku, ya sha abinshi. Ku dogara ga Yesu, 'yan'uwa, ko da ludayinku daban ne. Amin.