Sarkin Yaƙi a Ɗakin Haihuwa

A bakin ɗakin haihuwa a garin Kochi na ƙasar Indiya, tsohuwa Thresia ta ƙare wa wani mai takobin gwangwani kallo.

"Ɗan nan, daga wane yaƙin?"

"Wasan kwaikwayo na coci ne, Iya. Ni ne sarkin da ya tafi ƙwato Ƙudus. Ina cikin sare mutane aka ce matata na naƙuda. Ɗa na shida ke nan, ga ni masunci, kifi kuma ya ƙi kamuwa."

"Shida!"

"Ya zan yi? Fada, limamin cocinmu, ya ce zubar da ciki kisan kai ne."

"Ya yi gaskiya. Amma shi ɗin ne ya sa ka sare mutane?"

"Waɗancan surukaina ne, Iya. Suna tashi su sha shayi."

Sai ungozoma ta leƙo. "Anthappan? Tagwaye ne!"

Mutumin ya zube a kan benci.

"Barka," in ji tsohuwa. "Maza ka gaya wa Fada, ci da shan ɗayan yana wuyansa."