Fim Biyu da Kabarin Tsakar Gida

Assalamu alaikum mai gabatarwa, mijina na rediyo, kullum murya ba cefane. Hajiya Ladi ce daga unguwar Kilomita Biyar.

Jikata Maimuna, 'yar lise, wato sakandare, ta nuna mini fim biyu na wani tsohon wasan kwaikwayo da suke karantawa. Sarki ne ya hana a binne wani saurayi, ƙanwar saurayin ta je ta binne shi. A na farko yarinyar ihu take tana birgima. A na biyu ko tari ba ta yi ba, ƙasa kawai take turawa da hannu tana waige-waige.

Maimuna ta ce, "Kaka, ta biyun ba ta iya wasa ba."

Na ce, "Ke dai kin fi son mai hayaniya irinki."

Amma ta biyun ce ta yi daidai. Lokacin rikici, da hanyar maƙabarta ta toshe, a tsakar gidan nan aka binne ƙanena Sani, ba wanda ya ɗaga murya. Maimuna tana Kamaru a lokacin. Yanzu a daidai wurin take shimfiɗa tabarma ta yi karatu.

Masu sauraro, in faɗa mata yanzu, ko in bari ta gama jarrabawa tukuna?