Kaburburan da Ba Kowa a Ciki

A tsohon cocin Saint-Denis, inda siffofin sarakunan Faransa ke kwance bisa kaburbura, Safara'u, ɗaliba daga Damagaram da ke karatu a Faransa, ta ji wani dattijo yana gunaguni da Hausa. Ta gaishe shi.

"Ɗiyata, dubi ɓarna," in ji shi. "An sassaƙa mutum da dutse, har da zaki a ƙafafunsa. Mu kam ƙasa ce kawai, sai addu'a."

"Kuma ba kowa a ciki, Baba. Tuni aka tone su, aka zuba ƙasusuwan a rami guda."

"To, kin gani. Me ya kawo ki kallon dutse?"

"Mahaifina ya rasu ina nan. Da na je gida, damina ta shafe kabarin. Yayana ya nuna mini wuri biyu, shi ma bai tabbata ba. Ku fa, Baba?"

Ya daɗe yana duban siffar wata sarauniya da ke gabansu.

"Duk wata nake zuwa. Haɓar wannan irin ta matata ce, Allah ya jiƙanta. Ba ni da hotonta ko ɗaya."

Safara'u ta matsa gefe don ya gani da kyau.