Tsamiyar Ƙofar Kanti

A tashar motar Tamale, zamanin Turawa, wata tsohuwa mai koko ta tsura wa wani ɗan kasuwa ido, yana rungume da tsiro a gwangwani.

"Malam, wannan fa?"

"Tsamiya ce, Iya. Zan dasa a ƙofar kantina can unguwar Aboabo. Rana tana kore mini masu ciniki."

"Tsamiya? Me ya hana ka dogon yaron nan da Turawa ke dasawa bakin hanya? Ba ruwansa da fari, kafin ka ankara ya yi inuwa."

"Wannan baƙon itace ne, ban san halinsa ba. Tsamiya kuwa ko rijiya ta ƙafe tana nan kore shar. Akwai irinta a ƙofar gidanmu a Katsina."

"Ashe kai ma baƙo ne."

"Baƙo mana! Fatauci ya kawo ni. Baɗi war haka ina gida."

"To ita tsamiyar, yaushe za a sha inuwarta?"

"Ai sai jikoki."

"Jikokin wa?"

Ya shiga danna ƙasar gwangwanin da yatsa.

Ta miƙa masa koko. "Sha, ɗan gari. Mu a nan, mai shirin tafiya masara yake shukawa."