Dabinon Awaki

A wata rumfar dabino a kasuwar Omdurman, Ni'mat tana jiran a auna mata nata, sai ta ga wata dattijuwa ta sa an ɗaure mata rabin buhun dabino mai tsutsa, ga ƙullin yis a hannunta. Ni'mat ba ta saba tanka wa baƙi ba, amma yau ta kasa haɗiyewa.

"Hajja, wannan dabinon ba na ci ba ne."

"Na awaki ne," in ji dattijuwar, ba ta ko dube ta ba.

"Awakin da ake sa wa yis? Giyar aragi za ki dafa. Irinku ne kuke raba mu da mazanmu. Nawa tun Babbar Sallah kullum sai an riƙo shi ake kawo min."

"Ban taɓa sayar wa kowa ba, 'yata. Na ɗana Haisam ne."

"Ki dafa wa ɗan cikinki giya? Ki ji tsoron Allah, Hajja."

"Ina jin tsoronsa. Yayansa Muntasir hana shi na yi, na kulle ƙofa. Ya haura katanga ya je ya sha na waje, wanda ake sirkawa da sibirto mai guba. Kwana biyu ya makance. Yau ni ke jan sa zuwa bayan gida. Wannan da ya rage min, in dai sai ya sha, to ya sha wanda na san abin da ke ciki."

Mai rumfa ya miƙo wa Ni'mat dabinonta, ba ta karɓa ba. Buhun take kallo.

"Hajja," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "kwana nawa ake jiƙa shi?"