Ranar da Na Ajiye Kubi Huɗu

Salama a gare ku duka, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ku yabi Ubangiji!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ishaya, mutumin Saminaka. Direba ne ni a gidan wani Basha, wato attajiri, a unguwar Mohandessin nan Masar, ina kwana a unguwar Hayyin Ashir. Waɗanda suka san ni kuwa, sun san akwai lokacin da kujerata a zumuntar nan take zama ba kowa, Juma'a bayan Juma'a. Na riƙa ce muku Basha ne ya hana ni hutu. Ƙarya nake yi. Bawan Allahn nan bai san hawa ba, bai san sauka ba. Caca nake zuwa.

Ga yadda abin ya fara. Basha ya yi baƙo daga wata ƙasar Larabawa, ya ce in kai shi wani babban otal a bakin Nilu, ɗan ƙanen Basha ya raka mu. Kun san a ƙasar nan ɗakin cacan otal ba na 'yan ƙasa ba ne, sai mai fasfon waje. Muka isa ƙofa, aka tare ɗan masu gida da turarensa da takalminsa mai sheƙi. Ni kuwa da na miƙa koren fasfona, sai mai gadi ya rusuna ya ce, "Itfaddal, ya basha," wato shigo, ranka ya daɗe.

'Yan'uwa, ni! Ni da yara suke bi a titi suna kira "samara", wato baƙin mutum! Ni da ake tura wa kuɗin mota in miƙa gaba a mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ba a ko kallon fuskata! Ranar kaina ya kumbura har ya fi ƙofar faɗi. Ba kuɗi ne ya fara kama ni ba, wannan rusunawar ce.

A ciki na koyi wasan da suke kira foka. Ana ba kowa kati biyu ya ɓoye, sannan mai rabo ya riƙa shimfiɗa wasu a tsakiyar tebur har su kai biyar, kowa ya haɗa da nasa. Ba a taɓa kuɗi da hannu. Za ka ba su kuɗinka su ba ka wasu ƙwandaloli na roba masu launi, don kada zuciyarka ta tuna gumi ne kake turawa. Ni kuma ciwona ɗaya ne: jiran katin da bai zo ba. In na ga saura ƙiris hannuna ya cika, ba na iya tashi. Har suna na raɗa wa abin, wai bangaskiya. Dubi rashin kunya!

A gida kuwa na bar matata Naomi da ciki lokacin da na taho. Ta haifi Murna, yarinya ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta fara magana, duk a waya na gani. Ban taɓa ɗaukarta ba. Kullum Naomi ta ce, "Baban Murna, yaushe?" Ni kuma in ce, "Kwanan nan." Albashin da zai kai ni gida yana can yana zagaya teburin wasu.

Sai Allah ya taɓa zuciyar Mama Hannatu. Ga ta can zaune, tana harara ta don na kira sunanta. Ma'alish, yi haƙuri, Mama, yau sai na faɗa. Muna gam'iyya tare, adashen nan namu, kuma ɗaukar watan tata ce. Ta kira ni gefe bayan sujada ta danƙa mini ambulan. Ta ce, "Ɗana, karɓi. Na bar maka layina. Je ka ga 'yarka kafin ta fara kiran wani Baba." Na kalli hannun da ya miƙo mini, duk ya tsattsage saboda wanke-wanke da ruwan kilor, sinadarin wankin nan mai cin hannu, a gidajen mutane.

Kuɗin ya isa tikiti, da ɗan abin da zan riƙe. Mai hankali da ya wuce ofishin tikiti kai tsaye. Amma sai Shaiɗan ya zauna kusa da ni a mikrobas, ya fara yi mini lissafin tsaraba. Kun san halinmu. Mutum ya yi shekaru a Masar, ya sauka da jaka ɗaya? Kawu yana jiran jallabiya, surukata tana jiran abaya, matan zumunta suna jiran turare, yaran unguwa suna jiran ko da dabino ne. Na shiga kasuwar Ataba na zagaya, na taɓa wannan na taɓa wancan, na ga abin ya fi ƙarfina. Na ce a raina, zama ɗaya tak, in ninka kuɗin nan, in cika buhuna, shi ke nan na tuba.

Juma'a ta zo. Lokacin da kuke nan kuna waƙa, ni ina can ina canza ambulan ɗin Mama zuwa roba.

Tun kafin la'asar na ga abin yana zurarewa. Ɗan abin da zan riƙe ya tafi. Na taɓa jikin kuɗin tikiti, na ciwo kaɗan, na mayar. Sai aka raba wani hannu, na ɗaga gefen katina na ga kubi biyu, wato masu hoton jar zuciya. Mai rabo ya shimfiɗa uku a tebur, biyu a ciki kubi. Huɗu ke nan. In na biyar ya zo, ba mai tsayawa gabana. Na tura ƙwandaloli. Aka buɗe kati na huɗu, baƙi ne, bai yi mini komai ba. Saura kati ɗaya a duniya.

Akwai wani mutum mai ƙaton agogo da yake fuskantata. Ya sa hannu biyu ya turo duk abin da ke gabansa tsakiya, ya ce, "Ol in." Ma'ana, in ina son ganin katin ƙarshe, sai na tura duk abin da ya rage mini. Abin da ya rage mini kuwa shi ne tikitin, ba ƙari ko sisi.

Ku fahimce ni, 'yan'uwa. A lokacin ba ni da komai a hannu. Kubi huɗu ba ya cin kowa, alkawari ne kawai. Na kuma sani sarai, don na sha gani, cewa sau da yawa katin nan ba ya zuwa. Ƙin zuwansa ya fi zuwansa yawa nesa ba kusa ba. Amma tulin da ke tsakiya ya isa tikiti, ya isa Ataba, ya isa in sauka Saminaka kamar ɗan majalisa. Tsohuwata takan ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ni na riga na ɗaga tulun.

Mai rabo ya ce, "Yalla, ya ustaz," wato in yi sauri. Gumi yana bin bayana duk da sanyin ɗakin. Na runtse ido na fara addu'ar da na saba: Yesu, kubi ɗaya, kubi ɗaya tak, ba zan sake ba. Sau nawa na yi masa wannan alkawarin! Ina cikin yi, hannuna ya riga ya dafa ƙwandalolin, sai na ga kamar ba roba nake taɓawa ba, hannun Mama Hannatu ne da tsagunsa. Kunya ta rufe ni. Wato Mai Cetona, wanda ya zub da jininsa domina, shi nake aika ya je ya gyara mini karta?

Addu'ar ta juye a bakina, ban san yadda aka yi ba. Na ce, "Ubangiji, ba kati nake so ba. Ka ɗaga ni daga kujerar nan, don ni ba zan iya tashi da kaina ba."

Halleluya! Hannun nan nawa, wanda bai taɓa sakin kubi huɗu ba tun da na fara wasa, na gan shi ya kife katin ya tura wa mai rabo. Mai agogo ya kwashe tulin yana dariya. Wani na gefena ya ce, "Haram alek, ka cuci kanka! Bari a roƙi mai rabo ya buɗe mu ga abin da zai zo." Duk ɗan caca ya san wannan ƙaiƙayin. Na ce, "Khalas, na gama." Na tattara abin da ya rage, na canza, na fita.

Ban tsaya ko'ina ba sai ɗakin Mama Hannatu. Na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta rarrashe ni ba, kada ku zata. Ta ce, "Ishaya, da ba don ka girma ba, da muciya zan ɗauko." Ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta ɗora hannu a kaina ta yi kuka, ta yi addu'a. Washegari da kanta ta tasa ni gaba har ofishin tikiti, ba ta yarda kuɗin ya kwana a aljihuna ba. Da na dawo daga tafiyar kuma, fasfona ya koma hannun Baba Yohanna, dattijonmu, don kada in sake shiga ɗakin caca da shi, yana can har yanzu. Ba na jin kunyar faɗa. Wani lokaci har yau zuciya takan tambaye ni, shin kubi ce? Ban sani ba, kuma na roƙi Allah kada ya taɓa nuna mini.

Na sauka gida da jaka ɗaya. Kawu ya leƙa cikinta, ya leƙa fuskata, har yanzu gaisuwarmu ba ta gama daidaita ba. Da na fara ba Naomi haƙuri kan tsaraba, sai ta katse ni ta ce, "Wa ya aike ka? Ni na ce maka abaya nake aure?"

Murna kuwa ta ɓuya bayan zanen uwarta. Naomi ta ce, "Ga Babanki." Yarinya ta girgiza kai ta nuna waya, wai Babanta yana ciki. 'Yan'uwa, zuciyata ta tsage. Na zauna a ƙasa. Can sai ta matso a hankali, ta sa yatsa ta taɓa hancina, ta ja kunnena, ta ga ba gilashi ba ne. Ta juya ta ce, "Mama, ya fito."

I, na fito! Yesu ne ya fitar da ni!

Na gode wa Allah Uba da bai bar ni na ga katin nan ba. Na gode wa Mama Hannatu, na gode muku da kuka riƙa ajiye mini kujera. In akwai wani a nan da ya ɗora abin da Allah ya riga ya ba shi a kan abin da bai zo ba, ina roƙonka, kada ka jira a buɗe katin ƙarshe. Kira sunan Yesu daga inda kake zaune. Wanda ya ɗaga ni zai ɗaga ka, ka je gida da ƙafarka, a taɓa fuskarka. Ku yabi Ubangiji!