Nauyin Bakwaini

A ɗakin jiran awon yara, wata tsohuwa ta kasa ɗauke ido daga jaririn matar da ke gefenta.

"Tubarkalla, 'yata! Wannan kumatu haka?"

"Bakwaini ne fa, Inna. Ranar da aka sallame mu, tafin hannun babansa bai cika ba."

"Wannan ƙaton? Allah mai iko! Ya kuka yi?"

"Nas aka riƙa turo mana har gida. Ita ta koya mana kwantar da shi a ƙirji, da ba shi nono a ɗan kofi. Har babansa sai da ya yi goyo."

Tsohuwar ta shafa ƙafar yaron a hankali.

"Nawa ma bakwaini ne. Auduga kawai na san in naɗa masa. Da ya rayu, da yanzu ya yi furfura. Ɗan miƙo shi in ji nauyinsa."